Furen Da Ke Rigan Damina Fitowa A Dajin Agwada

Duk wanda ya saba bin babbar hanyar da ta tashi daga Abuja ta nufi Akwanga da Lafiya ya san Keffi, watau tsohon garin nan da Abdu Zanga ya kafa wajen shekarar 1800, wanda kuma sunansa ya ƙara fita a 1902 sa'ad da Magaji Ɗan Yamusa ya kashe Kyaftin Moloney ya nufi Kano. Amma ba kowa ne ya san ƙasar da ke bayan wannan hanya ba. Yawancin matafiya iyakarsu su tsaya a bakin titi, su yi cinikin doya da buhun gawayi, su koma cikin mota su yi gaba. Wanda ya saki babbar hanyar ya yi kudu kuwa, cikin ƙasar ƙaramar hukumar Kokona mai hedkwata a Garaku, sannu a hankali zai ga gonaki suna sajewa da daji, duwatsu kuma suna tasowa a gabansa, har ya isa Agwada.

Agwada gari ne na manoma a Jihar Nasarawa, jihar da aka cire daga Filato ran 1 ga Oktoba, 1996. Yana gefen duwatsun Afo, inda Afawa suka daɗe da zama, kuma a kasuwa za a tarar da su tare da Fulani makiyaya da Hausawa 'yan tireda da sauran maƙwabta, ana ciniki da Hausa. Ƙasa ce mai albarka. Ruwan sama yakan sauka tun watan Afrilu, ba ya ɗaukewa sai Oktoba, saboda haka doya da rogo da riɗi da agushi da dawa da masara duk suna yi. A ƙarƙashin ƙasa kuma akwai wani arzikin, domin duwatsun Afo dangin duwatsun Jos ne masu kuza, su ne ma suka fi sauran kusa da kudu, kuma tun zamanin Turawa ake haƙar kuza a wajen Udege.

Dajin wannan yanki ba kurmi ba ne mai duhu irin na kudancin Nijeriya, ba kuma fili ba ne fetal irin na arewa mai nisa. Itatuwa ne a tsaye jefi-jefi, rassansu na kusan haɗuwa, rana tana ratsawa ta tsakaninsu ta sauka a kan dogayen ciyayi irin su gamba da tofa. Akwai kaɗanya da ɗorawa da maje da ƙirya da baushe da taura da ɗinya, akwai kawo da madobiya, a bakin rafuffuka kuma ga maɗaci da 'yan kurmi masu sanyi. Da kaka ciyawa takan shanye mutum a tsaye. Da rani kuwa, bayan wuta ta bi ta, sai ƙasa ta zama baƙa ƙirin, ba abin da ido ke gani sai toka da kututture da suri.

Baƙon bazara

A irin wannan daji ne, kuma a daidai lokacin da ya fi muni a ido, wani tsiro yake yin abin mamaki. Tsakanin watan Fabrairu da Afrilu, sa'ad da zafin bazara ya kai matuƙa, ɗorawa ta rataya jajayen furanninta masu kama da tuntu, maje kuma ya fara sabon toho, wanda ya yi sa'a yana iya cin karo da wani siririn kara ya tsaga busasshiyar ƙasa ya miƙe tsaye, tsawonsa ya kai ƙugun mutum ko ya wuce. Ba ganye ko ɗaya a jikinsa. A samansa kuwa furanni ne jere, launinsu shunayya mai haske, kowanne da wani leɓe a ƙasa wanda ya fi sauran jikin duhu, a kan leɓen kuma da 'yan tudu-tudu a layi kamar zankon zakara. Bayan 'yan makonni furannin su bushe. Sai ruwa ya sauka sa'an nan ganyen ke fitowa, dogaye masu nanniɗi kamar na ɗan kwakwar manja, su ɓace cikin ciyawa, har manomi ya wuce su bai san da su ba.

Ba albasar kura ba ce, ba kuma albasar kwaɗi ba, ko da yake duk a ƙarƙashin ƙasa suke ɓoye abincinsu. Wannan tsiro ɗan wani babban gida ne da masana ke kira okid, gidan da ke da iri wajen 28,000 a duniya, wanda a cikinsa ne ake samun banila da ake sa wa alawa da kek don ƙanshi. Yawancin 'yan gidan a kan rassan itatuwa suke maƙalewa cikin kurmi, amma wannan na ƙasa ne. In aka tona gindinsa za a tarar da saiwoyi masu kama da dankalin Turawa, a jere kamar carbi, kowace shekara ana ƙara ɗaya. Da abin da ya tara a cikinsu lokacin damina yake yin fure da bazara, ba tare da ya jira ɗigon ruwa ba. Wannan ne kuma ya sa wutar daji ba ta cika kashe shi ba, domin sa'ad da take wucewa shi yana kwance a ƙasa.

Sunansa a littattafan masana shi ne Eulophia cristata, kuma duka kalmomin biyu zankon nan na kan leɓe suke nufi: ta farko daga Girkanci take, ma'anarta kyakkyawan zanko, ta biyu kuwa daga Latin, ma'anarta mai zanko. Wanda ya fara tsinko shi ya kai wa masanan Turai wani mutumin Suwidin ne mai suna Adam Afzelius, almajirin shahararren masanin tsirrai Linnaeus. Ya zauna a Saliyo tsakanin 1792 da 1796, kuma a 1794 jiragen yaƙin Faransa suka afka wa Firitawun suka lalata mafi yawan abin da ya tara, ya sake sabon lale. A 1805 aka buga bayanin tsiron. Wani abin sha'awa shi ne, itacen kawo da ke tsaye a wannan daji, sunansa na masana Afzelia ne, watau sunan mutumin nan aka sa masa. Ashe furen da inuwar da yake fakewa a cikinta sun haɗu har a littafi.

Yana da 'yan'uwa a dazuzzukan Nijeriya. Akwai Eulophia cucullata mai manyan furanni masu kama da hula, wanda shi ma yakan riga ganyensa fitowa. Akwai kuma Eulophia guineensis mai son inuwa da tsakanin duwatsu, wanda John Lindley ya bayyana a Ingila a 1823, kuma ana samunsa tun daga yammacin Afirka har Yaman da Oman. Likitan nan J. M. Dalziel, wanda ya tattara sunayen tsirrai na Hausa ya buga a 1916, shi da John Hutchinson ne suka wallafa babban kundin tsirran Afirka ta Yamma tsakanin 1927 da 1936, inda aka jera waɗannan furanni. A 1983 kuma L. B. Segerback ya fitar da littafi sukutum a kan okid na Nijeriya kaɗai.

A taswira, yankin da mai zanko ke fitowa yana da faɗi, tun daga Senegal har Habasha. Amma faɗin taswira ba shi ne yawa ba. Tsiro ne mai zaɓen wuri, ana ganinsa tsilli-tsilli, nan biyar can goma, sa'an nan a yi doguwar tafiya ba a sake ganin ko ɗaya ba. Dalilin haka kuwa yana cikin yadda yake rayuwa, domin ba ya iya zama shi kaɗai.

Abokan zama biyu

Abokinsa na farko wani babban ƙudan zuma ne mai ƙugi, irin wanda ke huda busasshen itace ko azarar ɗaki ya yi gida a ciki. A 1975 waɗansu masana biyu, Lock da Profita, suka buga sakamakon binciken da suka yi a kudancin Ghana, inda suka nuna cewa wannan ƙudan ne ke yi wa furen barbara. Abin dariya a nan shi ne furen ba ya ba shi ko ɗigon ruwan zaƙi. Yaudararsa kawai yake yi da kyan launi. Ƙudan ya sauka a kan leɓen, ya cusa kai yana neman abinci, bai samu ba, garin fitowa sai ƙullin garin fure guda biyu su manne masa a jiki. In ya sake ruɗuwa ya sauka a kan wani furen, sai ya sauke kayan a can, barbara ta yiwu. Da yake ƙudan ba wawa ba ne, yakan gane da wuri ya daina zuwa, shi ya sa kaɗan ne daga cikin furannin ke yin 'ya'ya. To, ƙudan nan yana bukatar matattun rassa da zai yi gida, yana kuma bukatar waɗansu itatuwa masu fure na gaskiya da za su ciyar da shi da rani. In aka kwashe busasshen itace ƙaf, aka sare masu fure, ƙudan ya ƙaura, mai zanko zai yi ta ado a banza shekara da shekaru.

Abokinsa na biyu ido ba ya ganinsa. In kwanson 'ya'yan ya nuna ya tsage, abin da ke fita ba ƙwaya ba ce irin ta gero ko riɗi, ƙura ce, dubbai a kwanso guda, iska ta kwashe ta. Ƙwayar gero tana ɗauke da guzurin da zai ciyar da ɗan tsiro har ya yi ganye. Ta okid ba ta da guzuri ko kaɗan. Ba za ta tsira ba sai ta faɗa inda akwai wata irin fumfuna mai siraran zaruruwa, dangin naman kaza, wadda ke zaune cikin ƙasa da ruɓaɓɓen ganye. Fumfunar ta ratsa cikin ƙwayar ta riƙa shayar da ita, kamar yadda uwar goyo ke yi wa maraya, har ta yi saiwa da ganyen kanta. Wani Bafaranshe mai suna Noel Bernard ne ya gano wannan asiri a 1899, da ya ɗaga wani gungume a dajin Fontainebleau ya tarar da 'ya'yan okid suna tsira a ƙarƙashinsa. Daga tsira zuwa furen farko kuma akan ɗauki shekaru.

Saboda haka, duk inda aka ga mai zanko ya yi fure, shaida ce cewa ƙasar wurin ta daɗe ba a birkice ta ba, ganye na zuba yana ruɓewa, akwai inuwa daidai gwargwado, ƙudan kuma yana nan. Fure ne a ido, amma ga mai lura ma'auni ne na lafiyar daji. Wannan ne kuma ya sa wanda ya tone shi ya kai gida don ado yakan yi asara biyu, domin sau da yawa tsiron yakan cinye abin da ke cikin saiwarsa ya mutu a tukunya, dajin kuma ya rasa uwar iri.

Abin da ke cin dajin

Buhunan gawayin nan da matafiyi ke gani jibge a bakin hanyar Keffi, daga irin wannan daji suke fitowa. Tun da aka mai da mazaunin gwamnatin tarayya Abuja a watan Disamba na 1991, jama'a ke ta ƙaruwa a birnin da unguwannin da ke kewaye da shi irin su Mararaba da Masaka, ga shi kuma kananzir da iskar gas sun fi ƙarfin talaka. Kowace tukunya da aka ɗora a kan kurfoti, wani reshe ne ya faɗi a daji. Masu gawayi sun fi son ƙirya da sauran itatuwa masu tauri, kuma ba sara kaɗai ke yin ɓarna ba. Inda aka tara gungume aka rufe da ƙasa aka cinna wuta kwana da kwanaki, ƙasar wurin takan gasu har ciki, duk wani abu mai rai da ke cikinta ya ƙone.

Madobiya ta ga nata tashin hankali. Daga wajen 2013 'yan kasuwa suka bazu cikin dazuzzukan tsakiyar Nijeriya, tun daga Kogi har Taraba, suna sare ta ana lodawa a jiragen ruwa zuwa ƙasar Sin, inda ake yin kujeru masu tsada da ita. Abin ya kai har a taron da aka yi a Johannesburg a 2016 aka sa ta cikin jerin yarjejeniyar CITES, watau yarjejeniyar duniya ta 1973 mai lura da cinikin dabbobi da tsirran da ake tsoron ƙarewarsu, a 2018 kuma aka dakatar da fitar da ita daga Nijeriya. A 2022 kawo da maɗaci su ma suka shiga jerin. Dukan dangin okid kuwa sun daɗe a cikinsa, ba a ƙetare iyaka da su sai da takardar izini. Sai dai takarda tana tsare tashar jirgin ruwa ne kawai, ba ta tsare gindin bishiya.

Noma ma ya sake kama. A da manomi yakan yi 'yan shekaru a gona ya bar ta ta zama saura, ya bar kaɗanya da ɗorawa a tsaye, daji ya dawo a hankali. Yanzu mutane sun yi yawa, saura ta yi ƙaranci, garmar tarakta tana shiga ƙasa ta yanyanka saiwoyi, ga kuma maganin feshi da ya maye gurbin fartanya. Maganin ba ya bambanta tofa da ganyen okid, kuma yana samunsa ne da damina, daidai lokacin da yake tara abincin baɗi. Wuta kuma iri biyu ce. Ta farkon rani, wajen Nuwamba da Disamba, sa'ad da ciyawa ke da sauran danshi, takan bi sama-sama ta share wuri, har ma ta buɗe wa furen fili. Ta ƙarshen rani kuwa, wadda akan cinna don farautar gafiya da zomo, tana da zafi ƙwarai, takan kashe ƙananan itatuwa ta kuma babbake karan furen yana cikin fitowa.

Sai kuma haƙar ma'adinai, wadda jihar ke alfahari da ita. A 2024 jami'an tsaron ma'adinai na gwamnatin tarayya suka kama waɗansu mutane, har da baƙi 'yan ƙasar Sin, a Rafin Gabas ta yankin Agwada, bisa zargin haƙa ba da izini ba. Ramin haƙa ya fi gatari da wuta illa, domin itacen da aka sare yana iya tohowa daga kututture, amma ƙasar da aka kwashe aka kife ba ta komawa yadda take a rayuwar mutum guda.

Ba daidai ba ne a ɗora laifin duka a kan mai gawayi ko saurayin da ke cikin rami. Yawancinsu neman abin sawa a bakin salati suke yi, kuma riba mai tsoka ba a hannunsu take ƙarewa ba. Amma gaskiya ce cewa dajin da ke riƙe da furen nan shi ne ke ba mata 'ya'yan kaɗanya da kalwa, shi ke ba masu amya zuma, shi ke ba makiyayi ganyen kawo da madobiya da rani, shi ke kuma riƙe ruwan rafi har bazara. Ranar da furen ya daina fitowa, sauran ma suna kan hanya.

Abin yi

Waɗansu ƙasashe sun riga sun ga irin wannan. A Zambiya ana yin wani abinci mai suna cikanda da saiwar okid na ƙasa, kuma cinikinsa ya sa aka riƙa tone miliyoyin saiwoyi daga tsaunukan kudancin Tanzaniya. A 2005 gwamnatin Tanzaniya ta mai da tudun Kitulo gandun daji na ƙasa, ba don giwa ko zaki ba, sai don furanninsa. Darasin da ke ciki shi ne, ba a ceton irin wannan tsiro sai an ceci wurin da yake.

Agwada ba ta bukatar gandu mai faɗin na Kitulo. Abin da ake bukata bai fi ƙarfin gari ba. Tun kaka da kakanni an san hurumi, watau filin da jama'a suka yarda a bari ba mai nomawa, kuma ƙabilu da yawa na wannan yanki suna da kurmin da ba a shiga da gatari. Sarakuna da dagatai da masu unguwanni suna iya ware gefen duwatsu da bakin rafuffuka, wuraren da dama ba su da daɗin noma, a hana sara da gasa gawayi da feshi a cikinsu, a yi musu ƙunar farkon rani, a bar matattun rassa a inda suka faɗi. Mata su ci gaba da tsintar kaɗanya, masu zuma su ɗaura amyarsu, domin wannan ba ya cutar da kome. Hukuma kuma ta tilasta wa duk kamfanin da ta ba izinin haƙa ya ajiye ƙasar sama a gefe, ya cike raminsa, ya mayar da ita in ya gama.

Akwai aiki a gaban masana ma. Jami'ar Jihar Nasarawa tana nan Keffi, kusa da wannan daji. Ɗalibanta masu nazarin tsirrai suna iya fita kowace bazara su ƙidaya inda furen yake, su tambayi dattawan Afawa da Fulani sunan da suke kiransa da abin da suka sani game da shi, su rubuta, su kuma aika da samfuri ma'ajiyar tsirrai ta hukumar binciken daji da ke Ibadan. Tun 1922 wani Ba'amurke, Lewis Knudson, ya nuna ana iya tsirar da ƙurar okid cikin kwalba in an ba ta sukari da gishirin da take bukata, saboda haka renon iri ba gagara ba ne. Sai dai ko an rena shi a kwalba, dole a sami dajin da za a mayar da shi.

Malaman makarantun firamare na yankin su ma suna da rawar takawa, kuma tasu ta fi sauƙi. Su fita da yara cikin watan Maris, su nuna musu karan nan mai shunayyar fure, su gaya musu labarin ƙudan da fumfuna, su hore su da cewa a duba da ido, kada a tsinka, kada a tona. Yaron da ya san sunan abu da amfaninsa ba ya saurin sa masa wuta in ya girma. Rigakafi dai, in ji masu iya magana, ya fi magani, balle ga abin da in ya tafi ba kasuwar da ake sayo shi. Allah Ya ba shugabanni da talakawa ikon riƙe wannan amana.